Gilashin da Inna ta Zaɓa

Wata ranar Alhamis ce cikin watan Agusta na shekarar 1982. Ruwan da aka tashi da shi ya ɗauke da hantsi, tsakar gidanmu na Bodinga ya jiƙe sharkaf, kaji sun fito daga ƙarƙashin rumbu suna karkaɗe fukafukai, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya gauraya da hayaƙin ɗanyen ice. Babu makarantar allo ranar, boko kuma muna hutu, don haka ina zaune a bakin madafa da faifai a cinya ina tsince tsakuwa daga cikin wake, Inna kuwa tana tsaye tana surfen gero. Shekaruna tara a lokacin. Can sai na ji taɓarya ta yi shiru. Na ɗaga kai, na ga Inna ta jingina ta a kafaɗa, ta ƙura wa katanga ido kamar wadda aka kira daga nesa. "Ke wagga," ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "tawadar Allah da ke ga wuyan Sanda, dama take ko hagu?" Na ce hagu. Ta ce a'a, dama take. Na ce ni da nake goya shi na san hagu ce. Amma ina rufe baki sai shakka ta kama ni, don idan na tuno shi yana fuskantata sai tabon ya koma ɗaya gefen. Muna cikin haka Baba ya shigo daga gona, laka har gwiwa, Inna ta maimaita masa tambayar. Ya daɗe tsaye da hauya a kafaɗa. Daga ƙarshe ya ce, "Allah shi jiƙan shi," ya ɗauki buta ya nufi bayan ɗaki. Inna ta koma kan turmi, ta yi ta dukan geron nan har ya wuce surfe ya fara zama tsaki.

Sanda ƙanena ne, Umaru sunansa na yanka. Baƙon dauro ya ɗauke shi a bazarar shekarar da ta gabata, yana da shekara uku da 'yan watanni. Ni ce 'yar fari, shi ya sa Inna ba ta faɗin sunana, Lubabatu. "Ke wagga" nake a bakinta tun tasowata, kuma ban taɓa jin zafin hakan ba, don haka kowace uwa ke yi a unguwarmu. Sanda kuwa babu wannan kunya tsakaninsa da ita. Tana kiran sunansa daga safe har yamma, ta yi masa kirari, ta bi shi da gudu idan ya wawuri dunƙulen fura. Rainonsa a hannuna yake. Ya bi ni rijiya yana jan wani fasasshen gwangwani da igiya wai shi ma gugansa ke nan, ya bi ni gindin kurna yana cika aljihu da abin da na kakkaɓo, idan muna carafke da 'yan mata ya zauna a tsakiya ya tattare duwatsun ya ce nasa ne. Idan muna gaɗa a ƙofar gida da la'asar, shi kaɗai ne namiji a cikin da'ira, yana tafi ba daidai ba. Duk wannan na riƙe shi. Fuskar ce ta fara zame mana, mu duka uku, kuma babu inda za mu je mu duba, don Sanda bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba.

Hotuna uku ne kacal a gidanmu, duka a maƙale a bangon ɗakin Baba. Ɗaya nasa ne ranar da ya gama kwalejin horon malamai, ɗaya na malaman firamaren da yake koyarwa sun jeru a kan benci, na ukun kuma ni ce ina shekara shida, na ƙame gaban labulen mai hoton kasuwa wanda aka zana wa jirgin sama, hannuna a kan fulawar roba. A wancan lokaci sai yaro ya yi wayon tsayawa cik ake kai shi hoto, kuma sai da sallah, da sabon ɗinki. An ce sallah mai zuwa za a kai Sanda. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Ni na fara kwanciya da ciwon. Daga makaranta na kwaso shi, a makon da benci-benci suka zama wayam a ajinmu. Na yi kwana goma na tashi, shi ya kwanta bai tashi ba. Babu wanda ya taɓa ɗora mini laifi, amma tun daga lokacin na lura Inna ba ta haɗa ido da ni. Za ta miƙo mini tuwo tana kallon tukunya, ta yi mini kitso tana kallon ƙofa. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa ta san ni ce, na koma yin aikina a lungu, bayan rumbu ko gindin zogale, inda ba sai ta gan ni ba. A makaranta ma na daina shiga wasa. Idan an fita tara sai in zauna a inuwar aji ina zana ƙasa da tsinke har a kaɗa ƙararrawa.

Katanga ɗaya ta raba mu da Ticha Kwabena, mutumin Gana da ke koyar da lissafi da Turanci a makarantar su Baba. A shekarun nan malamai 'yan Gana suna da yawa a yankinmu. Dogo ne siriri, kullum riga cikin wando, alli a yatsu, Hausarsa kuma tana ba mu dariya don yakan ce wa mace "kai". Matarsa, wadda muke kira Anti Efuwa, tana gasa burodi a tanderun laka, ƙamshinsa kan tsallako katanga ya same mu muna shan kunu. Ban da koyarwa, Ticha yana ɗaukar hoto. Kyamara biyu gare shi, tsohuwa da sabuwa, da gilasai biyu da ake ɗaurawa a gaban kyamarar a kwance kamar murfin kwalba. Ɗaya dogo ne kamar ƙaramar taɓarya, ga nauyi. Mu yara muka sa masa suna Dogo. Ɗayan bai fi gwangwanin madara tsawo ba, yana da zobba biyu: idan aka murɗa na baya sai abin da ake kallo ya matso ko ya ja da baya, na gaba kuma shi ke sa hoton ya fito tar. Wannan muke ce wa Mai-murɗi. Da shi Ticha ke zuwa suna da biki da saukar karatu, har Sifawa da Dandin Mahe a bisa kekensa. Idan taron mata ne Anti Efuwa ta karɓa ta shiga ciki.

Da kaka ta yi, ana cikin yankan gero, ina kai wa Baba da 'yan gayya fura gona ina dawowa da kara a kai, Inna ta haifi Kulu. Ranar suna ta sa Baba ya fito da jaririyar zaure Ticha ya ɗauke ta. Bayan mako biyu aka kawo hoton daga Sakkwato, inda ake wankewa. Inna ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta ce, "Wanga ai zane anka ɗauko." Gaskiyarta, don Kulu na barci, an naɗe ta ruf, ɗan hanci kawai ya leƙo. Abin da Inna ke so daban ne, ko da yake ba ta faɗe shi kai tsaye ba. Tana son yarinyar idonta biyu, tana hamma, tana cusa yatsa a baki, yadda take a tsakar gida inda baƙon namiji ba ya shiga. Na sha ganinta ta kwantar da Kulu a cinya tana bin jikinta da yatsa, kunne, wuya, tafin ƙafa, leɓenta na motsi kamar mai hardar karatu.

Muna cikin sanyi, farkon sabuwar shekara, albasa ta fara kai a fadama, sai rediyo ya faɗi cewa duk baƙon da takardunsa ba su cika ba ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dama abubuwa sun fara tsukewa. Sabulu da madara da sukari sun ɓace daga kantuna. Takardar zaman Ticha ta ƙare, bai samu ya sabunta ba. Hedimasta ya ce ya dakata, wataƙila a yi wa malamai sassauci. Ticha ya ce ba zai jira a zo a fitar da matarsa a gaban ɗalibansa ba. Cikin kwana uku gado ya tafi, tukwane suka tafi, keken ma wani manomin albasa ya ɗauka. Sai ga shi da yamma ya yi sallama a zaurenmu da jaka a hannu. Ya ce wa Baba zai bar masa tsohuwar kyamarar. Yadda suka daidaita tsakaninsu ban taɓa sani ba. Gilashi kuwa ɗaya zai bari, ya tafi da ɗaya. "Malam, ka gwada duka biyu," ya ce. "Kwana biyu. Wanda ka so, shi ne naka."

Baba tun bai gwada ba zuciyarsa na kan Dogo. Washegari bayan an tashi daga makaranta ya tsaya a bakin filin ƙwallo ya ɗaura shi, malamai da yara suka zagaye shi, aka yi ta karɓa ana leƙawa. Da aka zo kaina na rufe ido ɗaya na duba, sai ga ungulun da ke kan kukar bayan makaranta ta taho gabana har ina ganin ƙiftawar idonta; na ja da baya a firgice na taka ƙafar wani, aka bushe da dariya. Daga nan muka gangara fadama, Baba ya hango wani maƙwabcinmu can tsallake yana ban ruwa da jigo, ya ce har zufar goshinsa yana gani. Shekarar zaɓe ce, ana ta taruka, Baba ya ce da wannan mutum zai tsaya nesa da turmutsutsu ya ɗauko mai jawabi a bisa mota. Ga wasannin makarantu, ga kokawa bayan kaka. Mai-murɗi ko fito da shi daga jaka bai yi ba. Ya dawo gida yana ta labari, igiyar kyamarar ta yi masa shata a wuya saboda nauyi.

Rana ta biyu Asabar ce. Da hantsi Inna ta gama shara, ta wanke hannu ta goge a zane, ta ce, "Malam, ba ni in diba." Baba ya yi mamaki, amma ya rataya mata. Tsakar gidanmu ba shi da faɗi: taku goma sha biyu ne daga madafa zuwa ɗakin Inna, rumbu biyu sun cinye gefe guda, turken awaki ya cinye ɗayan. An kwantar da Kulu a tabarma a inuwar dogonyaro. Inna ta ɗaga Dogo da hannu biyu, bakinsa na rinjayarta, ta duba ta ce ba ta ganin komai sai ja. Ashe zanen Kulu ne. Ta ja baya, ta ƙara ja, har bayanta ya bugi katangar madafa. "Kunne ɗai ni ka gani," ta ce. "In ina son ganin ɗiyata duka, sai na hita bayan gari ke nan?" Baba ya yi dariya, ya kwance Dogo ya ɗaura Mai-murɗi, ya nuna mata zobban. Ta murɗa gefe guda. Ta ce ga gidan nan duka ya shigo, rumbu da turmi da awaki da igiyar shanya. Ta murɗa ɗaya gefen, ta ce ga Kulu har tana iya ƙirga gashin idonta. Ta sauke, ta auna shi a tafin hannu, ta ce wannan ko da goyo za ta iya riƙe shi. Ta shiga ɗaki da shi ta fito, ta ce ciki ya yi duhu. Baba ya ce haka Ticha ya faɗa, aibinsa ke nan, yana son haske, sai dai a riƙa ɗauka a waje da safe ko da la'asar.

Ni duk wannan ina bayan rumbu ina ɓarar gyaɗa, ina leƙowa ta gefe. Inna na juyawa da kyamarar a ido, ta bi kaji, ta bi tulu, sai na ga baƙin gilashin ya tsaya a kaina. Na sunkuyar da kai na jira ya wuce. Bai wuce ba. Ta wutsiyar ido na ga yatsunta suna murɗa zoben a hankali. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na dai san gyaɗar da ke hannuna ta jiƙe da gumi. Sannan ta sauke kyamarar, ta dube ni da idonta, abin da ta fi shekara ba ta yi ba. "Malam," ta ce, "yaushe yarinyag ga ta rame hakanga?" Ta tako har bayan rumbun, ta durƙusa, ta kama haɓata ta juya fuskata zuwa haske. Ta ce, "Mi ka damun ki?" Ban shirya faɗa ba, amma sai na ji bakina ya ce, "Ni na kawo mashi ciwon." Inna ta zauna daɓas a ƙasa cikin ɓawon gyaɗa. Ta ce wa ya gaya mini haka. Na ce babu kowa, na ga dai ba ta son kallona. Da ta yi magana, a hankali ta yi, yadda Baba ba zai ji ba: "Goshinku guda da shi. In na dube ki, shi ni ka gani, sai in kasa. Ba laihinki ba ne. Nawa ne, da ban hwaɗa maki ba." Uwa ba ta rungumar 'yar fari a garinmu, ita ma ba ta yi ba. Ta dai zauna nan gefena muka ɓare sauran gyaɗar tare, kafaɗarta na gogar tawa, kyamarar na rataye a wuyanta.

Da azahar Inna ta ce Mai-murɗi take so. Baba ya sosa ƙeya. Ba son Dogo kaɗai ke damunsa ba; ya ce mata da Mai-murɗi Ticha ke zuwa suna da biki, da shi zai nemi abinci idan ya koma ƙasarsu hannu wofi, inda ake cewa wahalar ta fi tamu. Ya tabbata Ticha ya ba da zaɓin ne yana fatan a ɗauki Dogo, kunya ce ta hana shi faɗa. Inna ta cire igiyar daga wuyanta ta miƙa masa. "Gaskiya ka hwaɗi. A bar mashi abin shi." Ta koma tankaɗe.

Da la'asar Ticha ya zo, na bi Baba zaure na raɓe a bakin ƙofa. Baba ya ajiye gilasan biyu a kan tabarma ya ce ya zaɓi Dogo. Na ga kafaɗun Ticha sun saki kamar wanda aka sauke wa kaya. Kamata ya yi in koma ciki, amma ni da ko a aji ba na ɗaga hannu sai na ji kaina ina cewa, "Dogo ba ya ganin gidanmu. Kunnen Kulu kawai yake gani." Baba ya daka mini tsawa. Ticha ya ɗaga masa hannu, ya ce in matso in faɗa masa. Na faɗa masa duka: yadda Inna ta ja baya har katanga, yadda ta ce gidan duka ya shigo, da dalilin da ya sa take son hoton tun farko. Ticha ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. "Yaron nan, Sanda," ya ce da Hausarsa mai karyewa, "kullum yana zo ƙofana. Yana ce, Ticha, hoto. Ni ina ce, gobe, gobe, fim kaɗan ne." Ya mayar da tabarau. Ya ɗauki Mai-murɗi ya ɗaura shi a tsohuwar kyamarar da hannunsa, ya sa Dogo a jaka. Baba ya yi ta roƙonsa, har da rantsuwa. Ticha ya ce, "Malam, ba naka ba ne. Na madam ne." Bayan ya tafi na sha faɗa a kan sa baki cikin maganar manya, amma Baba yana faɗan ne yana kallon wani wuri.

Washegari Anti Efuwa ta shigo ta wuni tana koya wa Inna yadda ake sa fim ba tare da haske ya taɓa shi ba, yadda za ta ba rana baya, yadda za ta manne gwiwar hannu a jiki ta riƙe numfashi kafin ta danna. Ta bar mata fim biyu da kwanonin gasa burodinta. Ranar Litinin da safe suka hau motar albasa mai zuwa bakin iyaka, suka zauna a kan buhuna, 'yan ajinmu suka bi motar da gudu har bakin titi muna ɗaga hannu. Wasiƙa ɗaya muka samu daga gare su, bayan kusan shekara guda. Ticha ya ce yana tsayawa bayan raga a filayen ƙwallo da Dogo, 'yan wasa na sayen hotunansu, suna ci suna sha. Baba ya karanta ta sau uku, ya fassara wa Inna, kuma daga ranar ne ya daina jin nauyin maganar.

Shekarun da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Sojoji suka karɓi mulki, aka riƙa bin layi don sabulu, damina ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Muka koma cin tuwo sau ɗaya, da rana sai kwaɗon zogale da ƙuli. Fim ya zama abin nema. Idan Baba ya samo guda a Sakkwato, shi za mu yi shekara da shi, hoto talatin da shida. Inna ta ajiye kyamarar a cikin kwalla, naɗe a tsohon ɗankwali, tare da kayan aurenta. Ba ta taɓa ce mana mu yi kwalliya mu jeru ba. Sai dai kana cikin harkarka ka ji ƙyas. Ta ɗauki Kulu ranar da ta fara rarrafe ta nufi kwanon awaki. Ta ɗauki Baba yana gyangyaɗi a kan littattafan 'yan aji da jan biro a hannu. Ta ɗauke ni ina dawowa daga rijiya, tulu a kai, rabin ruwan a jikina, ina dariya da wawulo. Amma sau da yawa za ta fito da ita, ta sa a ido, ta murɗa, ta bi mu da kallo tsawon lokaci, sannan ta sauke ba ta danna ba. Idan muka yi ƙorafi sai ta ce, "Na gani, ya isa. Wanga ba sai an wanke ba." Matan unguwa suka samu labari, suka riƙa shigowa da jariransu. Yawancinsu haƙuri take ba su ta ce sai an samu fim, amma duk wadda ɗanta ya cika laulayi ba ta mayar da ita, ko da saura kaɗan.

Duk hutun kaka muna zuwa Shagari, garin su Inna. Motar kasuwa muke shiga, ni a kan buhu, Kulu a cinyar Inna, kyamarar a tsakiyar ƙullin kaya. Kakana, mahaifinta, malamin allo ne, kuma ya ce shi ba ya so a ɗauke shi. Inna ta ce to. Da murɗi ɗaya za ta iya ɗauko shi daga ƙofar ɗaki bai sani ba, amma ban taɓa ganin ta ɗaga gilashin ta gefensa ba. Kakata Goggo kuwa, a shekarar da farin ya fi tsanani, da kanta ta ce a ɗauke ta tare da saniyarta, wata ja mai karyayyen ƙaho da ta raina tun tana maraƙa. A makon za a kora ta kasuwa, don ciyawa ta ƙare har wajen Kajiji, babu abin ba ta. Inna ta murɗa gilashin ya buɗe, ya ɗauko garken duka, turaku tara da shanu biyu. Sannan ta matso da shi ta ɗauki hannun Goggo a kan wuyan saniyar.

A wannan zuwan ne, ranar da za mu koma Bodinga, na duba 'yar tagar da ke nuna adadi na ga saura hoto ɗaya. Muna bakin rijiyar gidan, Inna ta ba ni riƙon kyamarar don ta gyara goyon Kulu. Sai a lokacin ya faɗo mini cewa duk hotunan da aka wanke babu ita ko a ɗaya. Na ce, "Inna, tsaya." Ta gane nufina, ta ce kada in kuskura, na ƙarshe ne, ta ajiye shi don ranar yayen Kulu. Ta taho za ta karɓe, tana dariya tana ɗaga hannu. Na sa a ido cikin sauri, na murɗa zoben baya har ta cika gilashin, na manta da na gaba, na danna. Ta ƙwace, ta ɗan doke ni a kafaɗa, ta ce na yi ɓarna. Da aka wanke, rijiyar da katangar da ke bayanta sun fito tar, har tsagar laka ana gani. Ita kuwa ta fito dishi-dishi kamar ana hangenta ta cikin ruwa, hannu a sama, haƙora farare, kan Kulu na leƙowa ta kafaɗa. Ta ce a yaga. Baba ya karɓa ya sa a aljihun gaba.

Inna ta rasu ina ajin ƙarshe a kwalejin 'yan mata, bayan gajeriyar jinya, kuma babu wanda ya ƙara fito da kyamarar daga kwalla. Yanzu ina zaune a Sakkwato, na yi jikoki. 'Yata takan ɗauki ɗanta hoto ashirin kafin ya gama shan koko. Ta ware yatsu biyu a kan waya fuska ta matso, ta goge wanda bai yi mata ba, babu jiran mako biyu, babu riƙe numfashi. Ba na ƙin wannan sauƙi, Allah ya sani. Amma idan na je Bodinga na tarar an rushe rumbunan an jera ɗakunan siminti, dogonyaron kuma an sare shi, sai in dawo gida in buɗe albam ɗin Inna. Hotunan sun yi ja-ja, gefensu ya naɗe, kowa a ciki yana harkarsa, babu wanda ya shirya. A shafin ƙarshe nata yake, wanda muka tsinta a cikin littafin addu'o'in Baba bayan shi ma ya rasu. Jikokina kan ɗora yatsa su tambaye ni wace ce wannan da ba ta fito ba, in ce musu ita ce ta ɗauki sauran duka. Da na san shi kaɗai zai rage mini, da na tsaya na murɗa zoben gaba.